Dabino a Kan Tanderun Yaya

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, ta rasu a bazarar bana a garin aurenta, can gefen Atantane. Ita ce babba a ɗakin tsohuwarmu, ni ne auta, kuma yanzu ni kaɗai na rage. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin manta tsohuwa idan ta mutu, ko da ta yi aikin da ba wanda ya taɓa yi a ƙasarmu.

Saƙo ya same ni a Kona da safe. Kafin ɗan kabu-kabu ya iso da ni an gama wanka da sutura, ni ake jira. Muka kai ta, muka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu gaisuwa suka fara zuwa.

Tsohuwar da suke darni ɗaya ta fito tana goge ido da bakin zane, ta ce, "Shekara da shekaru ina yi mata faɗa kan ƙarar dakan kwalba da sassafe. Yau na tashi na ji shiru, sai na rasa abin da ke mini daɗi."

Wani mai shayi ya biyo motar kasuwa daga Mayahi da buhu a kafaɗa. Kwalabe ne ya tara mata, bai ji labari ba sai da ya sauka. Ya tsaya riƙe da buhun ya rasa inda zai ajiye, har sai da aka karɓe masa.

Matan da suka yi ginin tukwane tare da ita a ƙuruciya suka ce ta fi su hannu duka, amma ta bar tukunya ta tafi wasa da wuta. Ba da mugunta suka faɗa ba.

Akwai kuma waɗanda suka ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya yafe mata," suna jan kalmar yafewa fiye da yadda ake ja, idonsu kuma yana can gefen gida, ƙarƙashin itacen bedi, inda tanderunta yake. Tanderun a liƙe yake ruf da laka, an tara masa toka da rairayi har wuya, yana fitar da zafi. A bisa kansa, kan murfin, akwai dabino guda ɗaya.

Ranar da za ta rasu ta hura shi. Ita da surukarta, matar ɗanta na fari, suka wuni suna zuga. Da la'asar ta liƙe, ta ɗora dabinon, ta wanke hannu, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi za ta kishingiɗa. Ba ta tashi ba. Aikinta na ƙarshe yana ciki, kuma duk wanda ya san aikin ya san idan aka buɗe kafin ya huce da kansa, iska ɗaya za ta tsattsage shi.

Ga yadda abin ya samo asali. An aurar da Yaya ga maƙeri, kuma kamar yawancin matan maƙera, tukwane take ginawa. Wata rana tana kwashe gashin tukwane ta ga guntun kwalba da ya faɗa cikin wata tukunya ya narke ya kwanta, yana sheƙi kamar ruwan da ya ƙi bushewa. Da wata matar ce, jefarwa za ta yi. Yaya ta kai wa mijinta a maƙera ta ce, "Wutarka ta fi tawa. Ara mini." Shi mutum ne marar yawan magana. Ya juya abin a hannu, ya ce gawayin ƙirya ba arha ba ne, sannan ya tashi ya fara kwaɓa laka. Shi ya gina mata tanderun farko. Shi kuma ya ƙera mata faifan ƙarfen da take dannewa da shi. Da ya rasu, ƴan'uwansa suka raba guduma da uwar maƙera, ita ta riƙe zuga-zugi ta ce wanda ke so ya zo ya ƙwata. Ba wanda ya zo.

Na sha ganin aikin daga baya. Takan wanke kwalabe ta ware su launi-launi, ta farfasa, wasu ta bar su manya kamar farce, wasu ta daka su gari. Ta gina kasko mai faɗi, ta shafe cikinsa da farar ƙasa don kada gilashi ya manne. Da yatsu take shafawa, ba ta yarda da tsumma ba. Sannan ta jera hawa-hawa: ruwan ƙasa a ƙasa, kore a kai, fari mai haske a sama, wani lokaci ta yayyafa shuɗi idan ta samu. Sai ta kifa faifan ƙarfe, shi ma a shafe, ta aza dutse. Idan wuta ta yi ƙarfi gilashin ya yi laushi, nauyin dutsen ne ke haɗa hawa da hawa ya kore iskar da ke tsakani. Akwai ɗan rami a jikin tanderun da take leƙawa. Idan ciki ya koma kalar nunanniyar kabewa, sai ta ce a daina zuga, a liƙe ko'ina.

"Zafin ba wuya," takan ce. "Kowane sakarai ya iya hura wuta. Hucewar ce aiki."

Abin da ke fitowa faifai ne na gilashi, mai kauri kamar tafin hannu. Ba a cin abinci a ciki, ba a rufe tukunya da shi. Ɗaga shi ake yi a rana a kalla. Wannan shi ya fi ɗaure wa mutanen garin kai. Wata mai shagon kayan ado a Maradi ce ke aiko da mota lokaci-lokaci ta kwasa, an ce har Yamai ake kai su, ana kafa su a taga ko a bisa teburi. Yaya ba ta taɓa zuwa ta gani ba. Da aka nuna mata hoton ɗaya a waya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Sun kifa shi. Ƙasan ne a sama."

Ba kowace kwalba take haɗawa da wata ba. Ta ce kwalbar magani ba ta zama da kwalbar lemo, ko sun narke tare sai sun rabu daga baya, ko bayan wata ne. Idan ta samu baƙuwar kwalba, takan narka ɗan guntunta da guntun tsohuwa, ta aza a kan katanga ta manta da shi. Idan ya daɗe bai tsage ba, ta ce, "To, sun yarda." Idan an kawo mata maganar auren wata jika, haka take amsawa: "A aza su a katanga tukuna."

Kullum da yamma tana tankaɗe rairayin bakin tanderu da rariya, don yaran gari ba da takalmi suke yawo ba. Idan tana tafe ta ga fasasshiyar kwalba a hanya, ko da kwalliyar suna ta fito, sai ta duƙa ta tsince ta ɗaure a bakin zane. Ita kanta ta yanke sau ba adadi. Yatsanta na tsakiya a hannun dama ya taɓa yankewa har jijiya, ya warke a lanƙwashe. Da shi take nuna mutum idan tana faɗa, kuma ba ka taɓa sanin ko kai take nufi ko na kusa da kai ba.

Dabinon kuwa ma'auninta ne. Ba ta da abin gwada zafi, kuma ta ce hannun mutum maƙaryaci ne, musamman hannun mai ɗoki. Murfin sama shi ne wurin da ya fi daɗewa da zafi. Don haka takan ɗora dabino a can ta tafi harkarta. Muddin akwai sauran zafin da zai cutar da gilashi, tururuwa ba ta hawa. Ranar da ka ga layinsu ya miƙe har kan murfi sun kewaye dabinon, ciki ya huce, ka buɗe ba tsoro.

Amma a ƙasarmu kowa ya san wa ake ajiye wa kayan zaƙi a gefen gida, a ƙarƙashin itace, ba mai ci. Tun kakanni haka masu bori ke yi wa iskoki. Ga mace, ga wutar maƙera, ga abin da ba a san amfaninsa ba, ga dabino a kai. Mutane ba su buƙaci a yi musu lissafi ba.

Ni ma ban buƙata ba. Bayan rasuwar mijinta, wata ranar kasuwar Tasawa ina zaune a bayan buhun wakena, sai ga Yaya ta ratso tsakiyar kasuwa da buhu a ka yana ƙara kwaram-kwaram. Kwalabe ne, daga bayan wata mashaya ta kwaso su, don nan ake samun kore da ruwan ƙasa da yawa. Taubashina, ɗan gwaggonmu, yana gefena. Ya ce da ƙarfi, "Kai, yayarka ta sha kaya jiya!" Aka yi dariya. Ban ɗaga ido na gaishe ta ba. Sati bai cika ba na je gidanta in yi mata faɗa, sai na ga dabino a kan tanderu.

Na ce, "Yaya, kwalaben giya ba su isa ba, har kin fara ciyar da iskoki?"

Ta dube ni, ta jawo kujera ƴar tsugunno da ƙafa. Ta ce, "Auta, zauna ka ga iskokin."

Ban zauna ba. Damina da yawa ta wuce ban taka gidanta ba, kuma idan aka yi maganarta a majalisa shiru nake yi, wanda ya fi magana muni. Ita ce ta zo, lokacin da mai ɗakina ta kwanta ciwon ajalinta. Ta iso da ƙunshin kayanta ba sallama mai tsawo, ta karɓe jinya da girki har aka share makoki. Ba ta tayar da zancen ba. Da na raka ta gida na tarar tanderu a liƙe, surukarta ta hura a bayanta. Kujerar nan tana nan. Na zauna. Can sai ga tururuwa sun jero. Yaya ta nuna su da lanƙwasasshen yatsanta ta ce, "Gaishe su. Sun fi ka haƙuri." Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar har ta mutu.

Ɗanta na fari direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Maradi da Agadas. Yaya irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abinci hannu da hannu ba. "Wancan" take ce masa, ko "mai motar nan". Idan ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaisuwa, sai ta amsa tana kallon wani wuri. Da ya juya baya kuwa sai ta bi shi da ido har ya ɓace, ta ce wa matarsa, "Ya rame. Ki sa masa mai da yawa." Shi bai taɓa ganin wannan ba. Abin da ya gani tun yana yaro shi ne ana ce masa ɗan mai kwalba.

Yana hanya aka yi rasuwar, bai samu jana'iza ba. Washegari da hantsi ya iso, ƙura har gira. Ya wuce maƙabarta, ya dawo ya zauna kusa da ni. Bai yi kuka ba. Yana zaune ya ji wasu mutum biyu a ƙarshen tabarma suna magana ƙasa-ƙasa: ɗaya ya ce abin da aka rufe a ciki shi ya ɗauke ta, ɗaya ya ce ba a barin irin wannan a liƙe gawa ta fita, sai ya nemi wani. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe kamar zai kewaya.

Ban ankara ba sai ga matarsa ta fito har bakin zaure, abin da mace ba ta yi idan maza na zaman makoki. Ta durƙusa nesa ta ce, "Kawu, don Allah ka zo."

Na same shi da fartanya yana sarar lakar ƙofar tanderu. Har ya ɓalle wani gefe, zafi na hucowa.

Na ce, "Aje."

Ya ce, "Kawu, ka ji abin da suke faɗi. Gobe sadakar uku, duk ƙasar nan za ta taru. In bar su su zo su ga wanga abu, su tafi da shi a baki? In buɗe kowa ya ga kwalba ce, a huta."

Matarsa ta ce, "In ka buɗe yanzu, ba abin da za su gani sai tsakin gilashi. Inna ta wuni a kansa. Babban da ke ciki naka ne. Ta auna tagar sabon ɗakinka da kara, ta ce, 'Wannan na wancan ne.'"

Ya juyo kanta. "Nawa? Tana raye ba ta taɓa kiran sunana ba. Yanzu ta bar mini abin da za a riƙa nuna ni da baki?"

Matar ta ɗebo laka daga inda aka kwaɓa shekaranjiya, ta yayyafa ruwa, ta fara toshe inda ya ɓalle da hannu, zafin na lasar yatsunta. Shi yana tsaye da fartanya. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma gidansa ne yanzu. Abin da nake da shi kawai shi ne ni ƙanen uwarsa ne.

Na koma ƙofar gida, na naɗe tabarmata, na ɗauki butata, na kawo na shimfiɗa a gaban tanderun, bayana na kallon ƙofarsa. Na ce, "Nan zan karɓi gaisuwa. Mai son yi mini ta'aziyyar yayata ya same ni nan. In kana so ka buɗe, sai ka fara ɗaga ni."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya jingine fartanyar a jikin bedi ya tafi.

Ba wuri ne mai daɗin zama ba. Bazara ce, rana ta sama, tanderu ta baya. Rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Kuma tun da ni ne babba a dangi, dole kowa ya biyo ta nan. Wasu suka zo suka zauna kamar ba komai. Wasu suka gaisa daga tsaye suna karanta wani abu a leɓe. Wata tsohuwa ta tofa a ƙirjinta ta kewaye ta nesa. Duk wanda ya tambaya na gaya masa maganar tururuwa. Wani ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ai tururuwar ma ana aikenta." Na bar shi.

Taubashina ya iso da sanda, ya tsufa kamar ni. Ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "Ikon Allah. An naɗa ka mai gadin aljanu ba a gayyace mu ba? Nawa suke biya?"

Na ce, "Suna neman mataimaki. Sun ce a samo musu marar haƙora, kada ya cinye dabinon."

Ya yi dariya har ya yi tari, sannan dariyar ta koma wani abu daban, ya rufe fuska da hula. Ya zauna a gefena bai ƙara tashi ba sai sallah. Da yamma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta ji ni ranar nan a kasuwa, ka sani. Bayan nan ta aiko wa ɗiyata da ɗan ƙaramin faifai na kayan ɗaki."

Ranar sadakar uku gari ya cika tun da safe. Liman ya zo, ya ga ba ni a ƙofar gida, aka nuna masa. Ya tako a hankali, ya yi sallama, ya dubi dabinon da ya riga ya yamutse. Ya ce, "Malam, wanga fa?" Na gaya masa. Ya kai bayan hannunsa kusa da murfin, ya janye. Ya ce a kawo masa buzunsa nan, don ƙafarsa ba ta son kai-da-kawo. A nan aka yi addu'a, jama'a suka kewaye tanderun don ba yadda za su yi. Ɗan Yaya yana can ƙarshen sahu, kansa a ƙasa.

Aka shafa, aka raba waina da gumba, amma mutane ba su watse kamar yadda aka saba ba. Kowa na son ya ga ƙarshen abin. Ni kuma har rana ta take ban ga tururuwa ko ɗaya ba. Na ce a raina ko zafin bazara ya riƙe shi, ko taron mutane ya kore su. Idan aka watse ba su zo ba, na san abin da za a tafi ana faɗi, kuma na san fartanyar tana nan a jingine.

Bayan azahar ne surukar Yaya, da ke leƙowa ta kan darni, ta ce, "Kawu, dubi ƙafarka."

Sun fito daga gindin bedi, sun ratsa gefen tabarmata, sun hau tudun tokar a jere. Ta farko ta kai bakin murfi ta tsaya, ta juya, ta sake komawa. Manya masu furfura suka tsaya suna kallon tururuwa kamar ba su taɓa ganinta ba. Kafin a jima dabinon ya yi baƙi da su.

Taubashina ya ce, "To, masu gida sun iso."

Liman ya ce, "Halittar Allah ce, abincinta ta zo ci. A buɗe."

Na ce ɗanta ne zai buɗe. Ya zo ya ɗauki fartanya, matarsa ta ce, "A hankali, daga sama." Ya bi maganarta. Kaskon farko, wanda ke bakin ƙofa daidai inda ya ɓalle jiya, ɗan ƙarami ne. Da aka ɗaga ƙarfen, sai ga gilashin ya rabe biyu. Ya dube shi, ya dube ni. Na biyu lafiya. Babban yana can ciki, sai da suka kama shi su biyu.

Suka sauke dutsen, suka ɗaga faifan ƙarfen da ubansa ya ƙera, suka kife kaskon a kan buhu. Ya fito ɗungum, fari fat da farar ƙasa, ba a ganin komai. Matar ta ɗauki butata ta zuba ruwa tana cuɗawa. Ta ce masa, "Ɗaga."

Ya ɗaga shi sama da hannu biyu wajen rana. Ruwan ƙasa daga ƙasa, kore ya hau kansa yana shiga cikinsa, sama fari da ɗigo-ɗigon shuɗi. Hasken ya ratsa ya zuba a kan farar rigar liman, ta koma kore har gwiwa. Wani yaro ya yi ihu, aka kwaɓe shi. Tsohuwar da suke darni ɗaya ta ce, "Gonar ubansa ce da damina." Ban sani ba ko haka Yaya ta nufa. Ba ta taɓa faɗin abin da aikinta ke nufi ba.

Da ya sauke ya aza a cinya, sai ya ji bayan ba sumul ba ne. Ya juya shi. Gilashi yana ɗaukar duk abin da ke ƙasan kasko, kuma Yaya da yatsu take shafa farar ƙasa. Layukan suna nan a zagaye, uku-uku, na tsakiya a karkace. Ya sa yatsunsa a ciki ya bi su a hankali har ya zagayo inda ya fara. Ya sake bi. Mutane suka fara ɗauke kai suna neman takalmansu.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Na ji an ce wanda ya yi maganar aiken tururuwa har yanzu yana kan bakansa. Amma da yamma, da matan gida suka zo ɗibar gawayin ƙiryar da ya rage za su ɗora tukunya, ɗan Yaya ya ce daga inda yake zaune, "A bar shi. Ba na girki ba ne." Ya dubi matarsa ya ce, "Buhun mai shayin nan, a shigar miki da shi ina?"

Da zan koma Kona ya ce in zaɓi ɗaya. Na ɗauki wanda ya rabe biyu. Yana kan tagata, na haɗa bakinsu, tsagar tana nan. An gaya mini an kafa babban a ɗakinsa, kuma bayan ne ya juyo ciki.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya mata makwanci, ya haɗa ta da mijinta mai zuga mata wuta a gidan da ba zafi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙurin jira.